Zuwa Shetland da Orkney da ƙaramin guziri: gado za ka fara kamawa, sannan jirgi

Tambaya daga wani malami a Samaru, Zariya: "Assalamu alaikum. An gayyace ni taron ƙara wa juna sani a Aberdeen a farkon watan Yuni. Za a tashi taron ranar Juma'a, jirgin dawowata kuma sai Lahadin makon gaba, wato ina da kwana tara a hannu. Na daɗe ina sha'awar tsibiran nan na can ƙuryar arewa, ko Shetland da Orkney, ko Faro, ko Lofoten. Amma aljihun malamin makaranta ne. Wanne zan iya, ta yaya ake zuwa, kuma ina ake kwana ba tare da mutum ya dawo da bashi ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Kafin a zo maganar kuɗi, fasfonka ya riga ya yi maka zaɓi. Shetland da Orkney yankin Sikotland ne, bizar Birtaniya da za ka halarci taron da ita ta ishe ka, babu wani shingen shige da fice tsakaninsu da Aberdeen. Lofoten a Norwe take, sai da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai. Faro ta fi su wuyar sha'ani: tana ƙarƙashin masarautar Denmak amma ba ta cikin Shengen, don haka ko kana riƙe da bizar Shengen ba za ta shigar da kai ba, sai an rubuta a jikinta cewa ta haɗa da Faro, kuma ta hannun Denmak ake neman hakan. Neman biza biyu saboda hutun kwana tara ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci. Ka bar waɗannan biyun sai wani jiƙon. Tun da muna kan biza, ka lura da tikitin tafiyar ma: ɗan Najeriya yana buƙatar bizar yada zango idan zai canja jirgi a filayen jiragen Shengen irin na Amsterdam ko Paris, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai bizarta ta daina ɗauke wa mutum wannan sharaɗi. Tikiti mai sauƙi da ya bi ta can zai iya sa a mayar da kai tun daga kan kanta a Abuja. Wanda ya bi ta Doha, Alƙahira ko Addis Ababa, ko wanda ya miƙe Landan kai tsaye, ba shi da wannan matsala.

Abin da ke cinye kuɗin baƙo a waɗannan tsibirai ba kuɗin jirgi ba ne, wurin kwana ne. Shetland tsibirai ne kimanin 100, da mutane a 16 daga ciki, duka-duka jama'arsu wajen 23,000. Orkney tsibirai ne kimanin 70, jama'arta wajen 22,000. Wuri mai wannan yawan jama'a gadajen baƙinsa ƙidayayyu ne, ga shi a Shetland ma'aikatan kwangila na harkar mai da iskar gas da na injinan lantarkin iska sukan kama ɗakuna na watanni. Gado mai araha shi ke fara ƙarewa. Wanda ya makara ba lallai ya rasa wurin kwana ba, amma zai tarar abin da ya rage ɗakin otal ne da kuɗinsa na dare ɗaya ya kai na kwana uku ko huɗu a hostal, wato masauki mai araha da matafiya ke haɗa ɗaki. A nan zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Tsarin shi ne ka fara kama gado, sannan jirgin ruwa, sannan sauran. Kuma tun da bizar ba ta fito ba tukuna, ka zaɓi wuraren da suka yarda a soke ba tare da an yi asarar kuɗi ba, ka karanta wa'adin sokewar da kyau kafin ka biya. Ana iya neman bizar ziyara tun saura wata uku a yi tafiya, amsa kuma takan ɗauki kusan mako uku, saboda haka ka shigar da takardunka a Maris.

Hanyar talaka ita ce jirgin ruwan NorthLink. Jirage biyu ne, Hjaltland da Hrossey, kullum da yamma ɗaya na tashi daga Aberdeen ɗaya daga Lerwick, babban garin Shetland. Tashar jirgin tana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Aberdeen, tafiyar minti goma ce a ƙafa, kada ka ɗauki tasi. Yadda jadawalin ya saba: Litinin, Laraba da Juma'a jirgin kan bar Aberdeen ƙarfe 7 na yamma ya miƙe Lerwick, ya isa 7:30 na safe. Talata, Alhamis, Asabar da Lahadi yakan tashi ƙarfe 5, ya tsaya Kirkwall ta Orkney ƙarfe 11 na dare, sannan ya wuce. A dawowa, Litinin, Laraba da Juma'a ne yake barin Lerwick 5:30 ya biyo ta Kirkwall, sauran ranakun ƙarfe 7 kai tsaye. Ana rufe karɓar fasinja saura rabin awa a tashi. Ka sake duba jadawalin a shafinsu ranar da za ka biya, domin a watannin sanyi ana rage tsayawa a Kirkwall. Farashin kashi uku ne bisa lokacin shekara, mafi tsada daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Agusta, kai kuwa farkon Yuni za ka je, ka faɗa a na tsakiya. Fasinja mai tafiya a ƙafa ba ya kai fam 60 a tafiya guda.

Inda kuɗin ke tashi shi ne ɗakin kwana na cikin jirgi da kuma mota. Ɗakin kan ninka kuɗin tikiti biyu ko uku, kuma mutanen tsibiran da kansu kan yi rige-rigen kama shi tun watanni. Kai ba ka buƙatarsa. Akwai kujeru masu kwantawa baya, akwai kuma wasu manyan kujeru na musamman a ɗaki mai duhu da ake biyan ɗan ƙari, a ba ka bargo da matashi, da wurin cajin waya. Waɗannan su ne daidai kai. Ba barcin gado ba ne, ƙafa kan yi tsami, amma ka haɗa kuɗin mota da na masauki a tikiti guda. Ka shiga da safa mai kauri, da abin toshe kunne, da ƙyallen rufe ido, saboda a Yuni haske kan shigo tun kafin ƙarfe 4. Babbar jaka ana karɓa a ajiye, ba za ka gan ta ba sai an sauka, don haka ka ware ƙaramar jaka da magani, caja, sallaya, buroshi da abincin dare.

Maganar tashin zuciya kada ka raina ta, musamman ga wanda bai taɓa hawa teku ba. Tsakanin Orkney da Shetland, wajen tsibirin Fair Isle da kudancin Sumburgh da ke ƙarshen kudancin Shetland, ruwan Atlantika da na Tekun Arewa suna karo, jirgi kan yi tangaɗi ko da babu hadari. Kowane kantin magani a Aberdeen yana sayar da maganin ba tare da takardar likita ba. Mai suna Stugeron ana shan sa awa biyu kafin tashi, Kwells kuwa rabin awa. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai zuciya ta fara tashi, a lokacin kuwa magani ba ya zama a ciki. Dukansu suna sa barci, idan kuma kana shan wani magani kullum ka gaya wa mai kantin. Ka ci abinci marar maiƙo kaɗan, kada ka shiga da yunwa, ka zauna a tsakiyar jirgi inda jijjiga ta fi sauƙi. Idan ta fara, ka daina kallon waya, ka fita waje ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ko ka kwanta ka rufe ido.

Jirgin sama fa? Kamfanin Loganair na zuwa Sumburgh da Kirkwall daga Aberdeen cikin awa guda ko ƙasa da haka, amma kuɗinsa ya ninka na ruwa sau da yawa, kuma a bazararsu wani hazo mai kauri kan taso daga teku ya rufe filin Sumburgh, a soke tashi yini guda. Jirgin ruwa bai damu da hazo ba, iska ce abokiyar gabarsa, ita kuma a hunturu ta fi ƙarfi. A Yuni ruwa ya fi tabbas.

Ga yadda kwana taranka za su zauna daidai. Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Aberdeen ka yi sayayya, ƙarfe 7 ka hau jirgi. Asabar da safe kana Lerwick. Hostal ɗin Islesburgh yana cikin gari, tsohon gida ne na dutse da hukumar tsibiran ke kula da shi, da kicin da wurin wanki. Ka kama dare biyu. Gadon hostal a waɗannan wurare yakan kama tsakanin fam 25 da 35, ɗakin gidan baƙi mai haɗe da karin kumallo kuwa da wuya ka samu ƙasa da ninkin wannan biyu ko uku. Asabar ta ishe ka ganin gari: gidan tarihin Shetland da ke bakin ruwa kyauta ne, haka ma tsohuwar hasumiyar dutse ta Clickimin, kuma ƙaramin jirgi yana tsallaka mutane zuwa Bressay cikin minti bakwai. Lahadi yawancin motocin ƙauye ba sa aiki, amma bas mai lamba 6 da ke zuwa filin jirgin Sumburgh yana ɗan zirga-zirga. Tafiyar kusan awa guda ce. Daga inda ya sauke ka za ka taka zuwa Jarlshof, inda gidajen mutanen da suka zauna wurin tsawon shekara dubu huɗu suke kan juna, sannan ka hau Sumburgh Head. Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Agusta tsuntsayen puffin masu jan baki suna nan a bakin ramukansu, taku kaɗan daga katangar da za ka jingina. Kallonsu ba a biyan ko sisi.

Litinin ka nufi Unst, tsibiri na ƙarshe a arewacin Birtaniya da mutane ke zaune. A nan ne ya kamata ka fahimci yadda motocin haya suke. A Kwangila mota sai ta cika take tashi, idan ka rasa wannan ga wata, idan duk sun ƙare ga ɗan acaɓa. Can bas da agogo yake tafiya, ko babu kowa a ciki zai tashi, idan ya wuce ka kuma sai gobe. Bugu da ƙari don mutanen gari aka tsara shi, ba don baƙi ba: da safe ya kwaso mutanen ƙauye zuwa Lerwick aiki da asibiti da sayayya, da rana ko yamma ya mayar da su. Baƙo kishiyar haka yake so, shi ya sa zuwa ka dawo a yini guda ba ya yiwuwa a wurare da yawa, sai ka kwana biyu kafin ka sami cikakken yini ɗaya. Wasu motocin ma ba sa fitowa sam sai an buga waya an kama wuri tun jiya, kuma alamar hakan ƙaramin rubutu ne a ƙasan jadawali da ido kan tsallake. Hukumar ZetTrans ce ke wallafa jadawalin. Ka sauke shi a wayarka, ka kuma rubuta lokutan da suka shafe ka a takarda, domin sabis kan ɗauke a bayan tuddai.

Tafiyar Unst kanta mota ce da jirgi da mota da jirgi. Daga tashar Viking a Lerwick zuwa Toft, jirgi ya tsallaka da ku Ulsta a tsibirin Yell cikin minti ashirin, a ratsa Yell zuwa Gutcher, wani jirgin ya kai ku Belmont cikin minti goma. An daidaita lokutan yadda kowanne zai tarar da na gabansa, kuma kuɗin mai tafiya a ƙafa 'yan fam kaɗan ne. Da ka shiga bas ɗin farko ka gaya wa direba inda za ka ƙare, shi zai nuna maka inda za ka canja. A Uyeasound akwai hostal ɗin Gardiesfauld a bakin ruwa, mutanen gari ke gudanar da shi. Ka kama Litinin da Talata. Abin zuwa gani shi ne Hermaness a ƙarshen arewa, gaɓar dutse mai tsayi da dubban tsuntsayen teku, daga nan kana hangen fitilar jiragen ruwa ta Muckle Flugga. Yana da nisa daga hostal, motar haya kuma ba ta da yawa, don haka tun kana kama gado ka tambayi masu wurin yadda za ka isa, su suka san wa ke da tasi da wa ke bin hanyar. Daga inda motoci ke tsayawa, zuwa da dawowa tafiyar awa uku zuwa huɗu ce. Ka bi hanyar katako da aka shimfiɗa, gefenta fadama ce mai nutsar da ƙafa. Akwai wani babban tsuntsu mai ruwan ƙasa da suke kira bonxie, yana kawo hari a ka idan an kusanci sheƙarsa, ka ɗaga hannu ko sanda sama da kai ka ci gaba da tafiya. Kada ka matsa bakin gaɓa don hoto. Ciyawar tana da santsi, iskar kuma bugu take yi ba zato, babu shinge.

Fair Isle ka cire ta daga lissafi, duk da sunan da ta yi. Jirgin ruwanta, Good Shepherd IV, fasinja 12 yake ɗauka, tafiyar awa biyu da rabi ce a ruwa mafi tangaɗi, ba kullum yake tashi ba, ƙaramin jirgin sama kuma hazo kaɗan ke hana shi. Mutum kan je don kwana biyu ya yi biyar. Wannan na mai lokaci ne, ba na mai tikitin Lahadi ba.

Laraba da safe ka sauko Lerwick, 5:30 ka hau babban jirgi, ƙarfe 11 na dare kana Orkney. Ga wani tarko a nan: jirgin ba cikin Kirkwall yake tsayawa ba, a Hatston ne, wajen kilomita uku daga gari. Akan sami bas da ke jiran fasinjoji, ka fito da wuri kada ya tafi ya bar ka. Kuma a wannan lokaci masu karɓar baƙi a hostal sun tashi, saboda haka tun ranar da ka kama gado ka rubuta masu cewa da jirgin dare za ka iso, su gaya maka inda za a bar makulli ko lambar ƙofa. Kirkwall da Stromness duka suna da hostal. Orkney ta fi Shetland sauƙin yawo ba mota, domin bas mai lamba X1 yana kai da kawowa tsakanin Stromness, Kirkwall da St Margaret's Hope sau da yawa a yini. Kan hanyarsa za ka sauka ka taka zuwa tsayayyun duwatsun Stenness da zoben duwatsu na Brodgar, duka kyauta. Skara Brae, ƙauyen da ya kai shekara dubu biyar, da gadajensa da kantocinsa na dutse a tsaye, ana biya, kuma gara ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Ka duba ranar da manyan jiragen 'yan yawon shaƙatawa ke sauka Kirkwall, a irin ranar motoci kan juye ɗaruruwan mutane a wurin daga hantsi zuwa azahar, sai ka je da sassafe ko da la'asar. Babban cocin St Magnus na jan dutse a tsakiyar Kirkwall an fara shi a 1137.

Za ka ji labarin jirgin sama mafi gajeriyar tafiya a duniya, tsakanin Westray da Papa Westray, ƙasa da kilomita uku, minti biyu bai cika ba. Gaskiya ne, kuma kuɗin zuwa Papa Westray ko North Ronaldsay yana sauka sosai ga wanda zai kwana a can. Sai dai kujeru takwas ne, 'yan gari da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya sun fi ka buƙatarsu. A kwana biyun da kake da su ban ga wurinsa ba.

Juma'a 11:45 na dare ka hau jirgi a Hatston, Asabar ƙarfe 7 na safe kana Aberdeen, ka kwana, Lahadi ka kama hanyar gida. Wannan daren na Asabar kada ka yi rowarsa. Tikitin jirgin ruwa daban, na jirgin ƙasa ko na sama daban, idan na farko ya makara na biyu ba ruwansa, tikiti mai rahusa kuma ba a mayar da kuɗinsa. Daga Kirkwall zuwa Aberdeen dare uku ne kacal a mako, in aka soke na Juma'a sai Litinin. Mafitar ita ce jirgin Stromness zuwa Scrabster, awa ɗaya da rabi, sannan jirgin ƙasa daga Thurso zuwa Inverness wajen awa huɗu, daga nan zuwa Aberdeen awa biyu da 'yan mintuna. Yini guda cur take ci, kuma yinin Asabar ɗin nan shi ne na ajiye maka dominta.

Wani zai ce maka ka sayi tanti ka huta da kuɗin masauki. Doka ta yarda: tun dokar filaye ta 2003 mutum na da damar kafa tanti a yawancin filayen Sikotland, muddin ya nisanci gidaje da gonaki, bai wuce dare biyu ko uku a wuri ɗaya ba, bai bar shara ba. Amma ban ba ka shawara ba. Tsibiran nan kusan babu bishiya, babu abin da ke tare iska. Tantin da zai jure sai gajere mai ƙwararan sanduna da dogayen turaku, ga jakar kwana mai ɗumi, ga katifar ƙasa, ga risho. Kuɗin waɗannan ya fi na kwanakin hostal ɗinka gaba ɗaya. Tanti mai arha na babban kanti kuwa araha ba ta ado, sandarsa kan karye tsakar dare a cikin ruwa. Tukunyar gas ta risho ma ba a shiga jirgin sama da ita. Ga wanda yake da kayan, akwai ɗakin dutse na kyauta a Rackwick ta tsibirin Hoy, ba a kama wuri, ba lantarki, daga nan ake takawa zuwa dogon dutsen da ake kira Old Man of Hoy mai tsayin mita 137.

Hayar mota ma haka. Lasisinka na Najeriya yana aiki ga baƙo har wata goma sha biyu, amma hannun hagu suke bi, hanyoyin ƙauye da yawa faɗin mota ɗaya ne da wuraren raɓewa, tumaki na kwance a kan kwalta, kuma kamfanoni kan nemi kati su riƙe kuɗin jingina mai kauri. Idan kun kai ku uku ko huɗu daga taron, hayar yini ɗaya a Shetland tana da riba. Kai kaɗai, a'a.

Abinci shi ne wuri na biyu da kuɗi ke zurarewa. Farantin gidan abinci ɗaya ya kai cefanen yini biyu, shi ya sa kicin ɗin hostal ya fi gadonsa daraja. Akwai tukwane da firij, kai dai ka rubuta sunanka a ledarka ka wanke abin da ka ɓata. Daga gida ka taho da yaji, garin rogo kamar rabin tiya, ƙuli-ƙuli, dabino da ganyen shayi. Kilishi, dambun nama, man shanu da madara kada ka sa su a jaka, an haramta shiga Birtaniya da nama da kayan nono daga Najeriya, ƙwacewa za a yi, wataƙila har da tara. A Aberdeen ka sayi taliya, shinkafa mai saurin dahuwa, kifin gwangwani da alkamar kunu ta oats, abin da zai yi maka kwana huɗu, kada jaka ta yi nauyi. Lerwick tana da Tesco da Co-op, Kirkwall tana da waɗannan har da Lidl, kuma da yamma sukan manna wa burodi da kayan da wa'adinsu ya kusa takardar ragi. Kantunan ƙananan tsibirai sun fi tsada kuma suna rufewa da wuri, ka shiga Unst da cefanenka. Naman halal a Aberdeen ake samu, a tsibiran ka dogara da kifi da ƙwai, kifinsu kuwa ba a magana. Wurin masu soya kifi da dankali ka tambayi irin man da suke amfani da shi da ko akwai giya a ƙullun. A karin kumallon gidan baƙi akwai naman alade da wani baƙin tsiran jini, ka faɗa tun dare cewa ƙwai da wake da burodi kake so. Ruwan famfo ana sha, gora ɗaya ta ishe ka. Ƙaramar gora ta biyu kuma ta zama butarka, don bayinsu ba ruwa.

Lerwick tana kan digiri 60 a arewa. A ƙarshen Yuni rana kan faɗi wajen 10:30 na dare ta fito kafin ƙarfe 4, tsakaninsu kuma duhu ba ya kankama, shafaƙi ba ya ɓacewa. Manhajar salla ta waya takan rikice a nan, ta ba ka Isha da Asuba a manne ko ta bar gurbin babu komai. Malamai sun yi bayanin ƙaddara lokaci a irin waɗannan ƙasashe, abu mafi sauƙi shi ne ka karɓi jadawalin masallacin Aberdeen ka tambayi limamin yadda suke yi, ga kuma rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salla. Alƙibla kudu maso gabas take, ba gabas ba yadda ka saba.

Sutura: kada hasken ya ruɗe ka, zafin bazararsu digiri 12 zuwa 15 ne, da iska da yayyafi a kowane lokaci. Hawa uku ake sawa, ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai hana ruwa da iska da hular kanta. Auduga idan ta jiƙe tana janye ɗumin jiki, shadda da wandon jins duka haka. Biyun farko za ka same su wurin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari da kuɗi kaɗan, har da hular sanyi da safar hannu. Ta wajen ka juya cikinta ka duba ɗinkin: idan an bi shi da siririn tef to mai hana ruwa ce ta gaske, idan zare ne tsirara ruwa zai shiga ta nan. Takalmi mai tudun ƙasa da ka riga ka saba da shi, ba sabo ba. Lema ba ta da amfani, iska za ta juye ta a minti ɗaya. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Lambar gaggawa 999, idan abin ya shafi teku ko gaɓa ka ce a haɗa ka da masu tsaron gaɓa. Inshorar tafiya da ta haɗa da lafiya da sokewar jirgi ka saye ta tun a gida.

Kuɗi kuma kusan ko'ina kati ake karɓa, amma ka je bankinka tun kafin tafiya ka ji iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje, ka riƙe kati na biyu, da tsabar fam 60 zuwa 100 a ƙananan takardu saboda tasi, ƙananan hostal da akwatunan kek da ƙwai da ake ajiyewa a bakin hanya, ka ɗauka ka jefa kuɗi ba mai tsaro. Wurin 'yan canji kada ka karɓi tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda, an daina karɓarsu a kantuna tun ƙarshen Satumban 2022, na roba ake amfani da su yanzu. A Sikotland kuma za a riƙa ba ka canji da takardun da bankunansu uku ke bugawa, kamanninsu daban da na Bankin Ingila. Can suna aiki lafiya lau, a Landan wani mai kanti kan yi musu kallon baƙo, 'yan canjinmu kuwa da wuya su karɓa. Ranar Asabar ɗin ƙarshe a Aberdeen ka kashe su a tsaraba, abin da ya rage ka roƙi mai kanti ya musanya maka da na Bankin Ingila.